Bidon da Na Ɗinke

Habibu, wannan babin na labarin rayuwata saboda kai na rubuta shi, amma 'yan'uwanka ma su karanta. Ranar sadakar uku ta babanku ina zaune tsakar gida cikin takaba, sai na hango ta ƙofar zaure ƙanen babanku, Sanusi, ya zo gaisuwa tun daga Tabelot, rana ta dafa shi. Ya zauna can bakin tabarma, nesa da mutane. Kai kake zagayawa da ruwa. Ka ba na damansa, ka ba na hagunsa, shi ka tsallake shi. A Agadas fa! Garin da ko abokin faɗanka ne ya tsaya ƙofarka sai ka shayar da shi tukuna ku ci gaba. Ya shafa fatiha, ya sa takalmansa, ya tafi da ƙishirwarsa. Ina kallo, kuma yau shekara tara ke nan ina ɓoye abin da ya jawo haka. Kun tashi kuna cewa shi ya kashe ƙanwarku Rabi. To ku zauna ku ji yadda aka yi.

Lokacin da babanku ya ɗauko ni daga Madawa, ban san ruwa abu ne da ake yi wa dabara ba. Can gida rijiya tana bayan danga, ka ja ka sha. Nan kuwa kartiyenmu, wato unguwarmu, yana ƙarshen gari, inda ruwan pompo yake isowa bayan kowa ya sha ya ƙoshi. Da zafi ya kankama sai pompo ya koma tari: ka buɗe, ya yi ƙoƙ ƙoƙ, ya hura maka iska. Yini biyu, yini uku, wani lokaci har fiye. Masu hali suka gina siterni na tara ruwa, suka sayi manyan tankuna suka ɗora kan soro. Mu babanku shayi da sukari yake sayarwa a kasuwa, ina muka ga abin tanki? Sai na koyi tara bido, jarkokin roba. Na man girki, masu ruwan ɗorawa, waɗanda masu tuya suka gama da su. In wanke da toka da ruwan zafi har santsin ya fita, in ɗauraye, in kife a rana. In ruwa ya zo in cika su har wuya, in ɗiga jabel kaɗan, ruwan nan mai kashe ƙwayar cuta, in murɗe marfi tamau. Na jera su a ɗakin kaya bisa katako, inda rana ba ta shiga. Na gaba ake sha, a cika shi a mai da shi baya, don kada wani ya tsufa. Randa ta shan yini ce, da modarta guda, kuma duk wanda na kama ya tsoma hannu ciki ya san sauran. Tano kuwa, babban duron ƙarfe, na wanki da wanka ne. Kun tuna yadda nake yi muku ihu kan kofi guda da kuka zubar. Masifaffiya ce ni, na sani, amma a kartiyen nan gidanmu ne ba a taɓa kwana da ƙishirwa ba, kuma ina taƙama da haka har ina yi wa maƙwabta gori.

Sai shekarar da zinariya ta haukata gari. Kowane namiji mai ƙafa biyu ya ɗaura rawani ya nufi Tchibarakaten, kuma ba mai hawa mota sai da bidonsa. Ba a tafiya da shi tsirara, don rana tana mai da ruwan kamar na shayi. Sai an yi masa riga da buhun algarara, a ɗinke, a jiƙa, iskar mota ta sanyaya shi. Ni kuwa Allah ya ba ni hannun basilla. Ɗinkina ba ya kwancewa, domin a wuyan kowane bido nakan yi ƙulli biyu, ɗaya bisa ɗaya, kuma duk tashar an san ƙullin nan nawa ne. Kasuwa ta buɗe mini har bido ya yi wuya a gari. Masu tuyar da suke ba ni kyauta suka fara ɓoyewa. Kwaɗayi ya ja ni na shiga ɗakin kaya ina zare namu na gida, ɗaya yau, ɗaya gobe, ina cewa zan mayar. Kafin in farga layin da ya cika bango ya koma rabi, ga zafi yana tafe.

Baba Sanusi a lokacin direban kamiyo ne, babbar motar albasa, tsakanin Tabelot da nan, kuma in ya sauka a ɗakin zaurenmu yake kwana. Ku kun manta shi da dariya, amma duk gidan ba wanda ya kai shi. Ni da shi wasa muke irin na mace da ƙanen miji, ina ce masa malalaci, yana ce mini sarauniyar roba. Shi yake tattaro mini bido a garaken albasa da tasha yana kawowa, wasu tsirara, wasu da tsohuwar rigarsu ta direbobi. Rannan ya sauke mini guda biyar, ya ware wani shuɗi, sabo ƙal, mai kauri, irin wanda ko mota ta taka ba ya fashewa, ya kai shi bayan ɗakinsa. Idona ya bi shi.

"Wannan fa? Ko na amaryar da ba ka samu ba ne?"

"Yaya, wannan ba naki ba ne. Maganin feshin albasa ne ya zauna ciki. Gazuwal na mota zan zuba."

"Kai da ko rigarka ba ka iya wankewa, kai za ka koya mini wanki?"

"Wallahi ba wasa nake ba. Masu garka sun ce roba shanye shi take yi. Ko shekara kika yi kina wankewa ba ya fita."

"To na ji, direba."

Na ji ɗin, da kunnuwana biyu. Ya koma Tabelot ya manta da shi, ni kuwa ban manta ba. Kullum in na fita shanya sai na gan shi, sai in ji zuciyata tana cewa wannan asara har ina, bido kamar wannan a ba gazuwal. Rana ta uku na ɗauko shi. A jikinsa akwai takarda manne da jan layi da hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Ko wanda bai taɓa shiga lekol ya yi boko ba ya san abin da hoton nan yake faɗi. Na wanke da toka, na wanke da sabulu da yashi, na zuba ruwan zafi na girgiza har kafaɗata ta yi ciwo, na jiƙa da jabel ya kwana, na kife a rana yini uku. Na sa hanci, ban ji komai ba sai jabel. Na kankare takardar da wuƙa, ta ƙi fita, rabi kawai ta ɓare. Sai na yanko buhu na yi masa riga, na rufe hoton, na yi ƙulli biyu a wuya.

Ga abin da ya fi ci mini rai, kuma ba zan ɓoye muku ba. Ban sayar da shi ba. Wani ɗan zinariya ya ɗaga shi ya ce wannan yake so, na karɓe na ba shi wani, don a raina na ce kada in ɗauki alhakin ɗan mutane a tsakiyar sahara. Kun gani ke nan na sani. Na ce na gida ne, na wanki kawai, ba za a sha ba. Na cika shi na tura can ƙuryar ɗakin kaya, bayan sauran, kuma shi kaɗai ne ban taɓa juyawa ba. Da Sanusi ya dawo ya nemi bidonsa na ce yaran unguwa sun ɗauke, ya yi tsaki ya bar maganar. Ruwan ya zauna cikin robar nan wata uku, cikin zafin da ko bango ka dafa sai ka janye hannu.

Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo. Aka ce wani inji ya lalace can inda ake turo ruwa, pompo ya ɗauke ɗif. Yini na farko ban damu ba. Na biyu na raba wa maƙwabciya, ina yi mata gori kamar yadda na saba. Na uku tano ya ƙare. Na huɗu ko ɗan garuwa guda bai shigo kartiyen ba, duk an tare su tun a cikin gari. Ku manya babanku ya tura ku layin wata rijiya can wajen kwari tun da safe, shi ya tafi kasuwa. Gida ya rage ni da Rabi. Shekararta biyar, auta, mai surutu kamar rediyo, kuma kwana biyu tana fama da zazzaɓi, leɓɓanta sun bushe. Duk gidan ita kaɗai ce ba ta azumi. Wajen hantsi ta zo ta ja zanena ta ce ruwa. Na karkata randa, ko modar ba ta jiƙe ba. Na shiga ɗakin kaya ina ɗaga bido ɗaya bayan ɗaya, duk iska. Na ƙurya ne kawai mai nauyi. Na jawo shi, na ga shuɗin marfi yana leƙowa daga wuyan buhu, na gane shi sarai. Na tsaya. Na ce ai na wanke shi yini uku. Na ce su Habibu sun kusa dawowa, kofi guda ne kawai. Na buɗe na sa hanci, na ji wani ɗan wari, na ce warin roba ne. A al'adata ba na ba yaro ruwan ajiya sai na kurɓa tukuna, amma ranar ina azumi, ban kurɓa ba. Na tsiyaya mata. Ta sha rabi ta yatsine fuska.

"Inna, ruwan nan da ɗaci."

"Ke dai kin cika iyayi. Ruwan ajiya haka yake. Sha ki ba ni kofina."

Ta shanye, don tana tsoron faɗana. Zafi ya ƙaru, ku ba ku dawo ba, ta sake nema na sake ba ta, kafin azahar sau uku. Wannan maganar tata, Inna ruwan nan da ɗaci, ba wanda ya ji ta sai ni, kuma ba ranar da ta fito ta faɗi ban ji ta ba.

Bayan azahar ina tankaɗe na ji ta yi shiru, abin da ba halinta ba. Na same ta kwance bakin ƙofa, ta yi amai, yawu yana zuba kamar an buɗe pompo, gumi ya jiƙe rigarta, naman hannunta yana rawa shi kaɗai. Na ɗaga fatar idonta na ga baƙin ya tsuke ya koma kamar kan allura. Na kurma ihu. Na goya ta na fita ba takalmi, wani mai kabu-kabu ya ɗauke mu a babur zuwa gidan likita, ƙirjinta yana ƙara a bayana, ina ji har cikin ƙashina. Suka karɓe ta da gudu, suka sa mata ƙarin ruwa, suka yi allurai. Babanku ya iso, Sanusi ma ya iso, don ranar ya sauka da albasa. Malamin likita ya fito ya tambaye ni.

"Madam, me ta ci, me ta sha? Akwai maganin ƙwari ko na ɓera a gidan?"

"Ba mu da shi. Ruwa kawai ta sha."

"Ruwan ina? A cikin me aka ajiye shi?"

Na ce a bido. Ban ƙara ko kalma ba. Ya ce alamun guba ne irin ta feshi, sun yi abin da za su iya, a yi addu'a. Rana ta yi ja, mutane sun fara shimfiɗa dabino a farfajiya, ladan bai kai ga kira ba Rabi ta cika.

Washegari da hantsi, da aka dawo daga kai ta makwancinta, babanku bai zauna wajen masu gaisuwa ba. Kun san shi, mutum ne mai sanyi, shekara talatin bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma in ya yanke magana ko uwarsa ba ta iya mayar da shi. Ya shigo ya ce in nuna masa bidon. Ya jawo shi tsakar gida, ya zaro wuƙa ya tsarge rigar daga wuya har ƙasa. Rabin hoton nan ya fito, ido guda da ƙashi guda. Sanusi yana tsaye bakin zaure. Ku ma kuna nan, kai Habibu kana riƙe da buta.

"Wa ya kawo wannan gidana?"

"Sanusi ne ya kawo," na ce.

"A ɗinke ya zo, ko nan aka ɗinke shi?"

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ga kaina a mota zuwa Madawa da takardar saki, na ga ku kuna girma ana nuna ku ana cewa ga 'ya'yan wadda ta shayar da 'yarta guba. Na sunkuyar da kai.

"Haka ya zo da shi, Malam. A ɗinke."

Sanusi ya tako ya duƙa ya ɗauki tsumman buhun. Ya juya shi, ya kai yatsa kan wuyan, kan ƙulli biyun nan. Babanku bai taɓa sanin ɗinkina da na wani ba, amma shi ya sani, shi da yake kai mini su tasha. Ya ɗago ya dube ni. Ina jiran ya buɗe baki, har na fara jin wani sauƙi cewa zai faɗa a gama. Sai ya naɗe tsumman ya cusa a aljihun rigarsa.

"Ni na kawo shi, Yaya Malam. Ban duba ba. Ka yafe mini."

"Ɗauki kayanka. Kada ƙafarka ta sake taka zauren nan ina raye."

Ya ɗauki tabarmarsa da butarsa ya fita, a ranar da aka binne yarinyar da yake kawo wa rumman daga Tabelot a cikin hularsa. Ya bar tuƙi daga baya, ya zauna can yana aikin garkar wani. Yarinyar da ake nema masa a nan iyayenta suka fasa, suka ce ba su ba mai sakaci. Sau biyu ya aiko dattawa su ba da baki, babanku ya sallame su tun daga ƙofa.

Ni kuwa kun ga abin da na zama. Na daina ɗinkin bido, na ce idona ne. Na koma bin gidaje ina koya wa mata ajiyar ruwa: na man girki kawai, ko wanda aka saya sabo, wanda ba ki san abin da ya zauna ciki ba, kada ki yarda da hancinki, wanda ya zo a ɗinke, ki farke ki gani da idonki, na baya ya dawo gaba duk sati, in yaro ya ce da ɗaci, ki zubar ko da shi ke nan gare ki. Duk bidon da na gani da jan layi sai na sa wuƙa na huda gindinsa, ko na wane ne, a yi ta faɗa da ni. Mata suka riƙa cewa Allah sarki, rashin 'ya ya sa ta zama uwar kartiye, dubi abin da ƙanen miji ya ja mata. Ina ji ina gyaɗa kai ina karɓar addu'arsu. Abin da nake koya musu gaskiya ne, ku ma ku riƙe shi, amma duk Sanusi ne ya fara gaya mini shi a tsakar gidan nan na yi masa dariya.

Da ciwon babanku ya yi tsanani na yi niyya sau ɗaya. Ina ba shi kunu na ce, Malam, akwai magana a kan Sanusi. Ya ɗaga hannu ya ce kada in ambaci sunan nan a kansa. In gaya muku gaskiya, daɗi na ji da ya hana ni. Ya rasu bai yafe wa ƙanensa ba, uwa ɗaya uba ɗaya, a kan laifin da ba nasa ba. Wannan ba ni da inda zan kai shi yanzu sai gaban Allah.

Amma Sanusi yana raye. Na san za ku ji nauyin kallona bayan kun karanta wannan, wataƙila waninku ya daina shigowa gaishe ni da safe. Ba zan ce ku yi haƙuri ba, ban cancanta ba. Abu guda nake so, kuma umarni ne, tunda har yanzu ni na haife ku. Habibu, ranar da motar Tabelot za ta tashi ka shiga. Ka ɗauki bido a ɗakin kaya, na gaba, na wanke shi da hannuna na cika, ba riga a jikinsa. Ka nemi garkar da yake aiki, ka durƙusa, ka tsiyaya masa a kofi ka miƙa da hannu biyu, ka tsaya har ya shanye. Sa'an nan ka karanta masa wannan babin a gaban duk wanda yake wurin. In ya ce ƙarya nake, tsufa ne ya taɓa ni, don na san halinsa zai iya, ka ce ya fito da tsumman da ya sa a aljihu. In bai ƙona shi ba, ka duba wuyan. Ka san ɗinkin uwarka.